Mun yi bita, amma har yanzu ana faɗawa tarkon imel

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutoci a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Kaduna, mu wajen 40 ne. Watan jiya muka yi bitar tsaron bayanai ta wuni guda, da majigi har da takardar shaida. Ko sati uku ba a yi ba, akantarmu ta buɗe wani imel da ya zo kamar daga banki, ta rubuta kalmar sirrinta. Abin ya tsaya min a rai, domin sirrin marasa lafiya ne a hannunmu. Yanzu mai asibitin na so a sayo bidiyo kowa ya kalla a wayarsa. Wace hanyar koyarwa ce take zama a kan mutum?

Ma'aikacin banki:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka dogara da bidiyon nan. A wurinmu kunna shi ake yi a ajiye wayar, a dawo a amsa tambayoyi. A asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Amurka, an gwada ma'aikata kusan 19,500 na tsawon wata 8 ta hanyar tura musu saƙonnin damfara na gwaji, a ga wanda zai danna. Bitar shekara-shekara ba ta nuna wani bambanci ba, darasin da ke fitowa bayan mutum ya danna saƙon gwaji kuma kusan kashi 2 cikin 100 kawai ya rage na masu faɗawa tarkon. Yawancinsu ko minti ɗaya ba sa yi a kan darasin.

Malamar jinya:
Yayana, ni ban yarda a ce bita ba ta da amfani ba. Yadda ake yinta ne. Mu minti 15 muke ɗauka lokacin miƙa aiki da safe, a nuna saƙon gaske da ya shigo wayar ɗaya daga cikinmu, irin na "za a rufe BVN ɗinka", kowa ya faɗi inda ya ga alamar damfara. Da Hausa ake yi, masu shara da masu gadi ma suna sa baki. Sai dai dole a maimaita. Wani bincike kan ma'aikatan gwamnati a Jamus ya nuna bayan wata 6 abin da aka koya ya dusashe.

Wani injiniya:
Tambayata ɗaya: bayan awa nawa akantar ta faɗa maka? Nan ne maganar take. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta Najeriya (NDPC) idan kutsen na iya cutar da mutane. Wanda aka kunyata a gaban jama'a, gobe ɓoyewa zai yi. Ka ba su lamba ɗaya ta WhatsApp da za su riƙa tura duk saƙon da ba su yarda da shi ba, kuma ka kunna tantancewa mai mataki biyu a imel ɗin kowa, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lambar da ke shigowa waya.

Mai tambaya:
Sai washegari ta faɗa min, tana kuka. Kuma gaskiya na yi mata faɗa a gaban mutane. Gobe in sha Allah zan fara ba ta haƙuri, sannan in roƙe ta mu yi zaman farko da saƙon nata, in ta amince.