Jan naman kazan da ke fitowa a kututture

Hajiya, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanen maigidana ya kawo mana wani naman kaza daga daji, ja ne mai sheƙi kamar an shafa masa fenti, ga tauri kamar katako. Ya ce a jikin kututturen mataccen itace ya ɓamɓaro shi, wai yana maganin hawan jini. Goggonmu muke so mu dafa wa. Wa ya san shi?

Malamin makaranta, Marwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bisa kwatancinki, dangin Ganoderma ne. Mutanen Sin suna kiran nasu lingzhi, a Japan kuma reishi, sun daɗe ƙwarai suna shan sa. Ba a cin sa don taurinsa, yanka shi ake a busar, a tafasa a sha ruwan. Ɗaci gare shi sosai. Masana sun samu sinadarin beta-glucan a ciki, wanda ake nazarin yadda yake taimakon garkuwar jiki. Sai dai dangin suna da yawa, na dajinmu ba lalle ya zama irin na Sin ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kusiri: Hajiya, wane magani Goggo take sha yanzu?

Hajiya, Garwa: Na hawan jini kullum da safe, da aspirin ƙarama da likita ya ɗora ta a kai.

Ma'aikaciyar jinya, Kusiri: To don Allah a dakata. Wannan naman kaza yana iya sa jini ya yi jinkirin daskarewa, aspirin ma aikinta ke nan, idan suka haɗu ƙaramin rauni sai ya yi ta zuba. Yana kuma iya ƙara saukar da jini a kan maganin da take sha, tsohuwa ta miƙe jiri ya kayar da ita. An taɓa samun waɗanda garinsa ya taɓa wa hanta. Abin da ya fi damuna shi ne masu ajiye ƙwayar asibiti da zarar sun samu irin wannan, daga baya a kawo mana su ɓarin jiki ya mutu. Ku ɗauki guntunsa ku nuna wa likitanta.

Kawu, Ngaundere: 'Yata ta faɗi gaskiya. Ni in ƙarfin jiki ake nema wa tsohuwa, na suri za a ba ta, wanda gara ke nomawa. Yanzu da damina ta zauna mata suna kawo shi kasuwa da sassafe, fari-fari mai doguwar jijiya da ta nutse cikin surin. A yi miya da shi da daddawa, ɗanɗanonsa kamar nama, ga laushi ga mai ƙarancin haƙori.

Malamin makaranta, Marwa: Kawu, amma a saya wurin wadda ta san shi. Akwai wani fari mai kama da lema da ke fitowa a cikin ciyawa, ƙasan hularsa kan koma kore-kore in ya manyanta, amai da gudawa yake sawa. Dafuwa ba ta kashe dafin masu guba, kuma wasu sai bayan awa 6 ko fiye ciwon yake tashi.

Hajiya, Garwa: Allah ya saka da alheri. Na ɗaure jan a leda, ranar Litinin muke da awon jini, zan tafi da shi. Kawu, na surin yana jure tafiya zuwa Garwa?

Kawu, Ngaundere: Ɗanye ba ya kwana biyu. Zan sa a shanya miki, in ya bushe in ba direba.