Ƙaramin injin MIG zai iya waldar alminiyam?

Aminu: Assalamu alaikum iyayen gida. Ina da ƙaramin injin MIG, wato injin walda mai turo waya da kansa ta cikin bindiga tare da gas, mai amfiya 140, ina aikin ƙofa da taga da shi lafiya lau. Jiya wani ya kawo min tsanin alminiyam da ya tsage a gindin mataki. Ogana ya ce kada in ɓata lokacina, alminiyam aikin TIG ne kawai, wato waldar da ake riƙe tocila a hannu ɗaya ana ɗiga waya da ɗayan. Haka ne?

Baba Iliya: Wa alaikumus salam. Ogan naka gaskiya ya faɗa maka. Baƙin ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka kafin ya narke. Alminiyam ba ya canza launi. Kana kallonsa fari tas, sai ka ga ya zube ya bar maka rami.

Kabiru: Baba, a gafarce ni, "kawai" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Da irin wannan injin na haɗa kantar wani shago, kaurin milimita 3, kuma tana nan daram. Aminu, wane gas ne a silindarka?

Aminu: CO2 ne, Yaya Kabiru.

Kabiru: To shi za ka fara saukewa. Alminiyam sai argon zalla, ko gaurayen da ake yi wa ƙarfe ba ya yi. Sai maganar waya. Tana da laushi, idan injin ya turo ta cikin doguwar igiya sai ta lanƙwashe ta cukurkuɗe a bakin rola kamar sheƙar tsuntsu. Ranar farko sau huɗu ina buɗe murfi ina yanke ta. Da na sa bututun teflon, wato roba mai santsi, a cikin igiyar, na sassauta rolar, na miƙar da igiyar sambal a ƙasa, sai ta tafi. Waya mai lamba 5356 ta fi mai lamba 4043 tauri, ta fi bin igiya. In da hali ka sayi bindiga mai ɗauke da ƙaramin nadin waya a jikinta, ka huta.

Baba Iliya: Gas, bututu, bindiga. Ka haɗa kuɗin ka gani, a kan tsani ɗaya.

Malam Nura: Abin da ke kayar da mutane shi ne fatar da ke saman alminiyam. Shi kansa yana narkewa a digiri 660, fatar kuwa sai ta haura digiri 2,000. Idan ba ka goge wurin da asiton, sinadarin cire maiƙo, ba, ka kankare da buroshin ƙarfe marar tsatsa wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, waldar za ta zauna a sama kamar kashin awaki, ka buga guduma ta ɓalle. Kuma tura bindigar ake yi gaba, ba a ja, don gas ya riga wuta isa wurin.

Kabiru: Haka ne, Malam. Ga shi da shanye zafi, farkon layi sanyi, ƙarshe ya yi zafi har ya huje. Dole hannu ya ƙara sauri yana tafiya.

Baba Iliya: Duk na ji. Amma kun manta abin da aka kawo wa yaron. Aminu, nawa ne kaurinsa?

Aminu: Na auna, Baba, bai kai milimita 2 ba.

Baba Iliya: To MIG zai ci shi. Ko da bai huje ba, alminiyam ɗin tsani an gasa shi ne a masana'anta don ya yi ƙarfi. Duk inda wutar walda ta taɓa, gefen wurin yana laushi, ko da TIG aka yi. Mutum zai hau da buhun siminti a ka, ya dogara da aikinka. Ni ba zan sa hannuna ba.

Kabiru: A kan tsanin kam na bi bayanka, Baba. Amma injin yana yi, daga milimita 3 zuwa wajen 4. Aminu, ka mayar masa da kayansa, ka samo guntayen alminiyam masu kauri a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ranar Asabar zan zo da silindata mu gwada, Baba ya zo da gudumarsa.

Baba Iliya: Zan zo bayan La'asar, in sha Allahu. Ku tanadi janareta mai ƙarfi, wutar layinku ba za ta riƙe shi ba.