Ina so in ƙara wa furosesa ta gudu amma ina tsoron kar ta ƙone, me zan kiyaye?

Mai_Editin:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min da shawara. Ina da kwamfutar tebur a gida da nake aikin haɗa bidiyo da ita, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 3600 ce, mazabod, wato babban allon da ake haɗa komai a kai, B450, ram 16GB, fanka kuma ita ce dai wadda ta zo a kwalin furosesa, Wraith Stealth. Kwanan nan aikin ya yi min yawa, in na saka bidiyo ta fitar sai ta kai awa guda ina zaune ina jira, shi ne na ga wani a YouTube ya shiga BIOS, wato wajen saitin mazabod, ya kai duk kwakwalen furosesa shida (sassan da ke lissafi a cikinta) 4.3GHz ya sa boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba ta, 1.4 wai ta zauna daram. Jiya har na shiga BIOS ɗin na ga wajen, na ɗora hannu sai gabana ya faɗi na fito, domin wallahi da kyar na haɗa na'urar nan kuma da ita nake cin abinci, in ta mutu ban san inda zan sa kaina ba. Shin obakulok ɗin nan, wato ƙara mata gudu fiye da saitin kamfani, yana kashe furosesa da gaske ko tsoratarwa ce kawai? In kuma zan yi, daga ina zan fara?

Injiniya_Sifiyu:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi daidai da ka fito, kar ka sa 1.4 ɗin nan, dan Allah kar ka sa. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba gudun ne ke cin furosesa ba, boltej ne da zafi. In ka ƙara gudu kaɗai ta kasa ɗauka, abin da zai faru bai wuce ta daskare ko ta kawo shuɗin allo ba, ka kashe ka dawo da ita yadda take shi ke nan. Amma boltej shi ne mai ɓarna a ɓoye.

Bari in yi maka lissafi da naka. Wutar da furosesa ke sha tana tashi daidai da gudu, amma a wajen boltej ninki take yi, boltej sau boltej. To ka ɗauka yanzu in tana aiki mai nauyi tana zama wajen 4.0GHz a kan boltej 1.25, kai kuma ka kai ta 4.3 a kan 1.4. Gudu ya ƙaru da kashi 7 da rabi cikin ɗari, amma zafin da za ta fitar ya ƙaru da wajen kashi 35. Wato bidiyon da ke cin maka minti 60 zai koma minti 56, minti huɗu kacal ka samu, ita kuma Wraith Stealth an yi ta ne don furosesa mai watt 65 a yadda ta fito daga kamfani, ƙaramar hitsink ce, wato ƙarfen da ke janye zafi daga furosesa, ba ta da inda za ta kai wannan ƙarin zafin. Iyakar zafin 3600 digiri 95 ne, da ta matso nan sai ta fara rage gudu da kanta don ta tsira, ka ga an koma gidan jiya.

Wani zai ce maka ai ya ga tasa tana kai 1.45 ita da kanta ba tare da ya taɓa komai ba. Gaskiya ne, amma na ɗan ƙiftawar ido ne, a kwakwa ɗaya, lokacin da aikin ba nauyi, da aiki ya yi nauyi sai ta sauke shi da kanta. Kai kuwa in ka ƙulle shi a BIOS ka cire mata wannan dabarar, za ta yi awa guda tana shan 1.4 da duk kwakwalenta a cike. A nan ne wayoyin da ke cikinta, waɗanda ido ba ya gani, suke fara zaizayewa saboda yawan wutar da ke bi ta kansu, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa.

Sannan ka sani garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da obakulok ya jawo, AMD da Intel duka sun rubuta haka.

Tsohon_Hannu:

Abin da Injiniya ya faɗa ni ya faru da ni, shi ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba. Irin taka ce sak. Na sa mata boltej mai yawa na gwada ta da manhajar gwaji ta Cinebench ta wuce, na ji daɗi na ce ai an gama. Wata kusan biyar lafiya lau, sai wata rana ta fara kashe kanta tana tashi cikin aiki, na ɗauka Windows ce na sake sakawa, ba ta daina ba, na ɗauka ram ne na canza, a banza. Ashe gudun da take ɗauka a da ne ta daina iya ɗauka, na sauke 100MHz ta zauna, bayan wata biyu ta sake, na ƙara saukewa. Ba ta yi hayaƙi ba, ba ta yi wari ba, a hankali kawai take ja da baya ina kallo.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. Akwai fayilolin da na matse na ajiye a wancan lokacin, hotunan iyali ne na shekaru, daga baya na zo buɗewa wasu suka ƙi buɗuwa. Furosesa in ba ta zauna daidai ba tana iya yin kuskuren lissafi shiru ba tare da ta faɗi ba, sai ta rubuta maka abu a lalace kai ba ka sani ba. Kai da kake aikin mutane ka yi tunanin wannan da kyau, malam. Ko me za ka taɓa, ka fara kwafe aikinka a wani hadis (hard disk) daban ka cire shi daga jikin na'urar.

Gema_4K:

Ni fa ina ganin kun tsorata bawan Allah da yawa. Obakulok ba sabon abu ba ne, i5-2500K ta 2011 daga 3.3GHz mutane suka riƙa kai ta 4.5 suna amfani da ita shekara da shekaru. In an bi a hankali babu abin da zai faru. Yadda nake yi, na farko ka sauke HWiNFO ka ga zafin da kake kai yanzu kafin ka taɓa komai, ka rubuta a takarda. Ka sayi na'urar sanyaya mai kyau irin mai hasumiya, ka goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da hitsink ka sa sabo ɗan ɗigo a tsakiya, ka hure ƙurar kes, wato akwatin kwamfutar. Sai ka riƙa ƙara maltifulaya kaɗan kaɗan, tunda 100MHz ake ninkawa da shi, 40 ya ba ka 4.0GHz, 41 ya ba ka 4.1, kowane mataki ka gwada da manhajar ɗora mata nauyi irin OCCT ko Prime95 aƙalla awa guda, na ƙarshe kuma ka bar shi ya kwana yana yi. In ta haura digiri 85 ka tsaya. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ta faɗi ba ka san wanne ya kayar da ita ba.

Ka kuma koyi goge CMOS tun kafin ka fara, domin akwai ranar da za ka kunna allo ya yi baƙi fanka na juyawa babu hoto. Ka zare wayar wuta daga bango, ka cire ɗan batirin CR2032 na kan mazabod na 'yan mintoci ka mayar, BIOS zai koma yadda ya zo.

Injiniya_Sifiyu:

Gema matakanka daidai ne ban ja ba, amma zamanin 2500K daban, a lokacin kamfani yana barin sarari mai yawa. Na yanzu tun daga kwali suna matse kansu har kusan iyaka, 3600 da kanta take hawa 4.2. Kuma ka tuna ko kamfanonin ma boltej ya ba su kunya. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone har da soket saboda boltej ɗin SoC, wani sashe na cikin furosesa, ya yi yawa, sai da AMD ta ƙayyade shi a 1.3 ta sabon BIOS. A 2024 kuma Intel ta amsa cewa yawan boltej ne ke lalata furosesocinta na ƙarni na 13 da na 14, ta fitar da gyara ta kuma ƙara garantin shekara biyu, amma wadda ta riga ta lalace gyaran ba ya warkar da ita.

Wani abu da ba wanda ya ambata, mazabod da fawa sufulai, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta. B450 kala-kala ne, wasu masu araha VRM ɗinsu, wato ɓangaren da ke tace wa furosesa wuta a gefen soket, ko hitsink babu a kai. In fawa sufulai ɗinka kuma irin marar sunan nan ne da ke zuwa da kes, shi na fi tsoro, domin in ya tashi mutuwa yana iya tafiya da wasu kayan.

Mai_Editin, kafin komai buɗe CPU-Z ka duba ram ɗinka a gudu nawa yake. Da yawa suna sayen 3200 amma yana zaune a 2133 saboda ba su kunna XMP ba, wato saitin BIOS da ke kai ram gudun da aka rubuta a jikinsa, a mazabod na Asus DOCP ake ce masa. Ryzen na son ram mai gudu sosai. Ka kunna, ka gwada da manhajar gwajin ram ta MemTest86, in ka samu sanyaya mai kyau sai ka kunna PBO, wato saitin AMD na ƙara gudu da kanta, ka bar furosesa ta riƙa sarrafa boltej ɗinta da kanta.

Mai_Editin:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Injiniya kamar kana gabana wallahi, na duba ram ɗin a 2133 yake, shekara biyu ke nan ban sani ba, kuma a jikinsa 3200 aka rubuta. Na kunna XMP ta tashi lafiya, yanzu haka MemTest86 ke gudana ya yi zagaye biyu babu kuskure. HWiNFO kuma ya nuna min digiri 88 lokacin fitar da bidiyo, ban ma taɓa komai ba ke nan, na buɗe kes na tarar ƙura ta toshe hitsink kamar an shimfiɗa auduga. Tsohon_Hannu na kwafe aikina tun ɗazu, Allah ya mayar maka da alheri kan hotunan nan. Saura fawa sufulai, na leƙa ban ga tambarin 80 Plus, na shaidar rashin ɓarnar wuta, a jikinsa ba, watt 500 kawai aka rubuta, shi zan fara canzawa ko na'urar sanyayar?