Inshorar kula da tsofaffi a Amurka: masu tsohon ciwo, ya kuka ƙare da su?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Ina so in nemi inshorar nan da ke biyan mai kula da mutum a gida ko a gidan tsofaffi idan ƙarfi ya ƙare. Ina da hawan jini da suga, ƙwaya nake sha. Ba dai Obamacare, dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, ta hana kamfani ƙin mutum saboda tsohon ciwo ba?

Baba na Bronx: Wa alaikumus salam Hajiya. Hanin da ya fara aiki a 2014 na inshorar asibiti ne, wannan ba ta ciki. A nan sai sun tantance ki. Ni sun karɓe ni da hawan jinina, amma a rukuni mai tsada. Wata ma'aikaciyarsu ta kira ni, ta karanto min wasu kalmomi, ta ja ni da hira, can sai ta ce in maimaita su. Ashe ƙwaƙwalwa take gwadawa! Sun kuma duba duk maganin da likita ya rubuta min a baya, har wanda na manta da shi.

Anti Ladi: Maigidana an ƙi shi. Sugarsa ta kai ga allurar insulin, ga ƙafafu sun fara mutuwa. Dillalin inshorar ya ce mai shan ƙwaya wanda sugarsa ke zaune lafiya yana da dama. Wanda aka gano yana da Alzheimer ko Parkinson, ko mai hawa keken guragu, ba su ma tsayawa sauraronsa. Daga baya maigidana ya samu ta wurin aikinsa, tambayoyin can kaɗan ne.

Malam Idi: Hajiya, don Allah kada ki ɓoye komai a fom. Kawuna bai ambaci ɗan shanyewar ɓarin jiki da ya taɓa yi ba, yana ganin ai ya warke. Bai cika shekara biyu da shiga inshorar ba ya nemi a biya, suka zaƙulo takardun asibiti, suka soke yarjejeniyar, suka mayar masa da kuɗinsa. Ki kuma karanta sharaɗin wata shida: a jihohi da dama, ciwon da aka yi miki maganinsa cikin wata shida kafin shiga, suna iya ƙin biya a kansa har sai wata shida sun wuce. Ko an karɓe ki ma, ba sa fara biya sai kin kasa yin biyu daga cikin abubuwa shida, irin su wanka, sa tufafi, cin abinci da zuwa banɗaki, ko kuma ƙwaƙwalwa ta samu babbar matsala, sannan yawanci akwai jiran kwana 90.

Ƙanwarku a Seattle: Mu a jihar Washington kashi 0.58 cikin ɗari ake cirewa daga albashi zuwa WA Cares, inshorar kula da tsofaffi ta gwamnatin jiha, babu tambayar lafiya. Sai dai dala 36,500 da take biya wa mutum duk tsawon rayuwarsa ba ta kai shekara ɗaya a gidan tsofaffi.

Maman Ummi: Na gode. To idan aka ƙi ni, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, ba za ta ɗauka ba?

Baba na Bronx: Kwana 100 ne iyakarta, shi ma jinyar ƙwararru ce bayan an kwantar da ke a asibiti. Mai yi miki wanka yau da gobe sai Medicaid, tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, ita kuma sai dukiya ta kusa ƙarewa, kuma a yawancin jihohi suna bin sawun abin da kika kyautar cikin shekara biyar. Ki nemi dillalin da ke hulɗa da kamfanoni da yawa, ya fara tambaya miki ba tare da sunanki ba kafin ki cike fom, don wani kamfanin yakan tambaya ko an taɓa ƙin ki.