Yaya zan ƙara alamar matsa kalangu a fayil ɗin MusicXML ba tare da ya faɗi tantancewa ba?

Mai Gula:
Assalamu alaikum. Ina rubuta kiɗan kalangu da MusicXML, tsarin fayil na rubuta notocin kiɗa a kwamfuta, kuma ina buƙatar nuna inda makaɗi ke matse tsirkiya a hammata domin sauti ya hau, da inda yake sakinta. Na ƙirƙiri alama tawa mai suna matsa, na saka ta cikin kowace nota, amma da na tantance fayil ɗin da manhajar xmllint a kan musicxml.xsd na sigar 4.0, wato fayil ɗin XSD da ke ɗauke da ƙa'idojin tsarin, sai ya ƙi shi. Shin akwai hanyar da tsarin ya yarda da ita, ko kuwa dole in gyara XSD ɗin da kaina?

Malam Na Tsari:
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa XSD ɗin, domin da zarar ka gyara shi, fayil ɗinka ya inganta ne a kwamfutarka kaɗai. Ƙa'idar MusicXML ba ta karɓar alamar da ba ta sani ba, ko da ka ba ta sararin suna (namespace) na daban, kuma tana da tsauri a kan jerin abubuwan da ke cikin nota: pitch (matakin sauti) ya riga duration (tsawon lokaci), notations (alamomi) kuma ya riga lyric (kalmomin waƙa).

Sai dai masu tsarin sun bar ƙofofi da gangan. Akwai other-technical domin dabarun hannu, da other-articulation, da other-ornament, da other-notation. Wannan ta ƙarshe ita ce ta dace da kai, saboda tana ɗaukar type mai ƙimar start ko stop ko single, wato za ka buɗe matsawar a nota ɗaya ka rufe ta a wata, ka rubuta kalmar matsa a matsayin rubutun ciki. Tun sigar 3.1 ta 2017 ana iya haɗa musu sunan hoto daga SMuFL, wato daidaitaccen jerin hotunan alamomin kiɗa, idan akwai wanda ya yi kama da abin da kake nufi. Kafin duk wannan ma, ka duba ko slide ba ta wadatar ba, tunda aikinta ke nan, zamewar sauti ba tare da yankewa ba, sannan alter, mai ɗaga sauti ko sauke shi, tana karɓar adadi irin 0.5 idan sautin ya faɗa tsakanin notoci biyu.

Hajiya Mai Taska:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ina ganin bai kai ƙarshen zancen ba. Fayil ya wuce tantancewa daban, manhaja ta fahimce shi daban. Manhajar da ba ta san ma'anar matsa ba tana iya buɗe fayil ɗin lafiya lau, ta zubar da alamar a lokacin adanawa ba tare da ta sanar da kai ba. Saboda haka ka riƙe asalin fayil ɗin a gefe, ka kuma bayyana ma'anar kowace alama a miscellaneous-field da ke ƙarƙashin identification, domin wanda zai gaji aikin.

Idan kuma manufarka taskancewa ce da nazari, ba musayar fayil tsakanin manhajoji ba, to MEI, wani tsarin rubuta kiɗa na daban, ta fi dacewa. Perry Roland ne ya faro ta a Jami'ar Virginia a 1999, kuma an gina ta ne domin a riƙa faɗaɗa ta: za ka rubuta fayil ɗin bayanin tsari da ake kira ODD wanda ke bayyana sabuwar alamarka da inda aka yarda ta zauna, daga nan a fitar maka da ƙa'idar tantancewa irin ta RELAX NG da bayaninta tare. Aikin ya fi yawa, ba shakka, kuma Verovio, manhajar da ke zana kiɗan MEI, ba za ta zana sabuwar alamar da kanta ba.

Mai Gula:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Ɗalibai ne za su buɗe fayilolin a manhajar MuseScore, don haka zan tsaya a kan MusicXML, in yi amfani da slide domin hawan sauti da other-notation domin hannun makaɗi. Tambaya ɗaya ta rage: wa ake kai wa shawara idan ana son alamar ta shiga tsarin kansa?

Malam Na Tsari:
Tun 2015 ragamar MusicXML tana hannun ƙungiyar rubutun kiɗa da ke ƙarƙashin W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, kuma a shafin GitHub suke karɓar shawarwari. Ka haɗa misalan rubutattun kiɗa na gaske, kuma zai ƙara wa buƙatar nauyi idan ka nuna cewa dundun na Yarabawa da tama ta Senegal su ma da matsa igiya ake sauya musu sauti.