Me ya fara kawo mota ƙauyukanmu na noma?

Ɗan Fitowa:
Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina rubuta wa yarana labaran gidanmu ne, sai na tsaya a kan abin da kakata, Allah ya jiƙanta, ta sha ba mu, wai ranar da mota ta fara shiga ƙauyensu da ke gabas da Garwa a arewacin Kamaru, mata sun bar tulunansu a bakin rijiya, jakuna sun tsinke igiya, ita kuwa ta laɓe a bayan rumbu har la'asar. Ba ta taɓa faɗin shekarar ba, sai dai takan ce lokacin ba a yi mata aure ba. Shin me ya kai mota ƙauyen manoma a wancan zamani, alhali babu mai ƙarfin sayenta a cikinsu?

Malam na Kayele:
Wa alaikumus salam, ɗana. Auduga ce ta kawo ta. Kamfanin Faransa da ake kira CFDT ya soma aikin auduga a arewacin Kamaru a farkon shekarun 1950, ya kafa injin gurza a nan Kayele, kafin kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, ya gaje shi a 1974. Idan kaka ta yi, mai gari yakan sa a yi shela kowa ya fito da fartanya a gyara hanya, domin motar auduga ba ta bin turbar jaki. Mahaifina yakan ɗauko audugarsa a ka tun da asuba, a aza a sikeli, a biya shi a hannu, mu kuma yara a jefa mu cikin bodin babbar motar Berliet mu tattake audugar don ta ƙara ɗauka. Ban manta ƙaiƙayin da muke kwana da shi ba, amma babu wanda ke yarda a bar shi a ƙasa. Direba kuwa a lokacin babban baƙo ne, a yanka masa kaza a dama masa fura, shi ya sa rabinmu muka tashi da burin zama karen mota, ko don mu riƙa dirowa da weji a hannu.

Hajiya 'yar Gidar:
Malam ya faɗi gaskiya, amma a wajenmu mata, ba motar auduga ce ta sauya mana rayuwa ba, tunda ba ta ɗaukar kowa. A 1978 Baba ya sayar da bijimai biyu da gyaɗar shekara, ya ciwo bashi ya cika, ya sayo tsohuwar Peugeot 404 akori-kura, wadda kowa ke kira Fijo. Ran Lahadi takan kai kaya kasuwar Fitowa, sauran kwanaki kuwa ita ce motar amarya, ita ce ta mara lafiya. Wani dare da damina naƙuda ta tsananta wa matar baffana, aka shimfiɗa mata tabarma a baya, Inna ta riƙe aci-balbal, muka nufi asibiti. Da muka isa bakin mayo, wato rafi, sai muka tarar ya kawo ruwa har ya shafe mashigi, aka tsaya jiran ya janye, kafin asalatu ta sauka lafiya a nan cikin motar. Yaron yanzu yana da jikoki, amma har gobe Ɗan Fijo muke ce masa. Inna dai ba ta taɓa yafe wa motar bijiman nan ba. Bayan an karya darajar kuɗin sefa a 1994 kayan gyara suka fi ƙarfin Baba, ya jingine ta a ƙarƙashin darbejiya, kaji suka mayar da ita wurin saka ƙwai.

Bakatsinen Garwa:
Da izinin Malam, akwai motoci a yankin Garwa tun kafin zuwan CFDT, domin jiragen ruwa na hawowa kogin Binuwai da damina su sauke haja su kwashi gyaɗa, kuma jami'an Faransa na rangadi. Saboda haka mai yiwuwa motar rangadi kakarka ta gani, ka tambayi tsofaffin gidanku ko an ƙirga mutane domin haraji a ranar.

Ɗan Fitowa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Ƙanwar kakar tamu tana nan da rai, ranar Juma'a zan je in gaishe ta, in tambaye ta ko sikeli aka sauke daga motar ko kuwa littafin haraji.