Hasumiya ce ko mahuca? Neman sunan "kulin tawa" da Hausa

Jama'a, a taimaka min da kunne. Akwai wata na'ura mai rage zafin ruwa, masu gyaran na'urar sanyi suna ce mata "kulin tawa". Na ga an rubuta "hasumiyar sanyaya ruwa", amma sunan bai kwanta min ba.

Ga abin da nake nufi. Babban otal ko masana'anta ba sa dogara da ƙananan na'urorin sanyi na jikin bango. Inji ɗaya ne babba yake kwashe zafin ginin duka ya ɗora wa ruwa. Ruwan nan famfo ke tura shi can saman gini, cikin wani ƙaton akwati mai huci dare da rana. A ciki ana fesa shi daga sama, ya gangaro ta kan faifan roba masu rami-rami kamar saƙar zuma, fanka kuma tana zuƙo iska ta ratsa shi. Ɗan kaɗan, wajen kashi 1 cikin 100, sai ya zama tururi ya tafi da zafin. Sauran ya taru a kwarmin ƙasa, a sake mayar da shi inji.

Aikin randa ke nan, aikin zufa a jikin mutum. Shi ya sa a hunturu, iska a bushe, abin ya fi ci, da damina kuwa sai ya yi nauyi.

To, "hasumiya" ta dace da waɗancan manyan masu siririn ƙugu na tashoshin lantarki, irin da aka fara ginawa a Holan a 1918. (Farin abin da ke tashi a bakinsu tururi ne, ba hayaƙi ba.) Amma Bahaushe in ya ji hasumiya, Gobarau ta Katsina ke faɗo masa a rai. Wa zai kalli akwatin saman otal ya kira shi haka?

Inda na fi tsayawa shi ne "sanyaya". Ruwan yakan shiga da zafin kusan digiri 35, ya fito da kusan 30. Sa hannu ka ji, da ɗuminsa. Wannan ba sanyi ba ne, hucewa ce. Dubi mai shayi in ya ɗaga kofi sama yana zuba wa wani kofin, tururi na tashi: ba cewa kake ya sanyaya maka ba, so kake ya huce. Ɗumin nan ma shi ne haɗarin abin, don ƙwayar cutar Lijonela a irinsa take hayayyafa in ba a zuba magani. Ita ta kashe gomman mutane a Filadelfiya ta Amurka a 1976.

Don haka shawarata: mahucar ruwa. Wurin da ruwa ke hucewa, kamar mashaya da mahauta.

Wani malaminmu ya ce, "Ai kunne zai tafi ga mahuci na fifita." Na ce Allah gafarta Malam, faɗuwa ta zo daidai da zama, da ma fanka ce a kanta. Wani kuma ya kawo "randar inji". Ta yi daɗin baki, sai dai randa ajiye ruwa take yi, wannan kuwa ruwan wucewa yake.

Na gwada ta a baki: "Hau ka duba mahuca, ruwan ƙasa ya yi gansakuka." Ta zauna daram. Jam'inta ne ya tsaya min a wuya. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku yaya za ku ce?